Wa'azin Minti Ɗaya: Wa Ya Yanka, Kuma da Izinin Wa?

 

Mafi yawan wa'azin da mutanenmu ke ji a Abijan yanzu ta waya yake iso musu. Mai garba yana suyar kifi, wayarsa na gefe tana tafsiri. Tela a Treichville ya jingina tasa a jikin keke. Mai gadi kuma da ita yake raba dare. Wannan alheri ne, ba mu musu. Iyayenmu da suka fara zuwa garin nan sai sun jira mai tahowa daga Kano ko Maraɗi ya riƙo musu kaset, a yi ta juyawa daga hannu zuwa hannu har zaren ya tsinke. Yau yaro zai shiga Adjamé wajen masu harkar waya, a loda masa tafsirin azumi guda cur a katin memori kafin shayinsa ya huce.

Sai dai wa'azin wayar nan iri biyu ne. Akwai cikakke, wanda aka ɗauka tun daga buɗewa har addu'ar tashi. Akwai kuma guntu, na minti ɗaya ko biyu, wanda ke yawo a WhatsApp da Facebook da TikTok. A kan na biyun za mu yi magana, domin ya riga ya zama wani nau'in aiki mai zaman kansa, da salonsa da masu yinsa, ko da yake masu yin ba sa faɗin sunansu na gaskiya. Tunda kuwa ya fi kowane littafi jama'a a unguwanninmu, ya cancanci a ɗora shi a ma'auni kamar yadda ake ɗora littafi.

Ku duba yadda ake gina shi. A sama akwai take da manyan baƙaƙe, ja ko rawaya: malam wane ya fasa ƙwai, malam wane ya yi wa wane raddi mai zafi, ku saurara kafin a goge. A tsakiya hoton malamin, galibi an zaɓi inda ya ɗaga yatsa ko ya haɗe rai. Sannan murya, wadda ke farawa daga tsakiyar jimla, ta kuma katse kafin mai maganar ya sauke numfashi. Babu kwanan wata. Babu sunan masallaci, babu littafin da ake karantawa, babu tambayar da aka yi har aka ba da wannan amsa. Abin da za ka gani a madadin duk waɗannan shi ne tambarin shafin wanda ya yanka, yana shawagi a kan fuskar malam, wai don kada wani ya sace masa aikinsa. Abin dariya, wanda ya raba magana da asalinta shi ne ke tsoron kada a raba shi da sunansa.

Muryar ta malam ce, wannan ba gardama. Ma'anar fa, ta wa ce? Take ya riga ya gaya maka abin da za ka ji tun ba ka ji ba, almakashi kuma ya zaɓa maka inda za ka fara da inda za ka tsaya. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami ya san yadda karatu ke tafiya. Malam zai kawo maganar da yake son ya warware, ya shimfiɗa ta da kyau tare da hujjojinta, wani lokaci har da kwaikwayon muryar masu ita, sannan ya ce "amma". A cikin wannan "amma" ɗin fiƙihun yake. In ka yanke kafin ta, ka mai da malam mai kare abin da ya zo rushewa, alhali ba ka ƙara masa ko harafi ɗaya ba. Haka "idan", haka "sai dai", haka "a garin da ake yin kaza". Ɗalibanmu na ƙananan azuzuwa ma sun san misalin da ake bugawa da aya ta 4 a Suratul Ma'un: wanda ya tsaya a kanta bai sadar da ita da ta 5 ba, ya jefa masallata gaba ɗaya cikin narko. Haka farkon aya ta 43 a Suratun Nisa'i. Saboda irin wannan ne malaman tajwidi suka ware babi guda na inda ake tsayawa da inda ake farawa. To in littafin Allah ma ana iya karkatar da ma'anarsa da mummunar tsayawa, ina ga maganar ɗan'adam, wanda yake yi yana gumi, ana miƙo masa takardun tambaya ta ko'ina?

Kada a ɗauka muna cewa yanke magana haramun ne ko ta halin ƙaƙa. Imamul Bukhari da kansa yakan rarraba hadisi guda a babi-babi, ya kawo a kowane wuri gwargwadon abin da babin ke bukata. Malaman musɗalahi sun tattauna wannan a ƙarƙashin mas'alar taƙaita hadisi. Ibnus Salah, wanda ya rasu a 643 bayan hijira, ya yi bayaninta, Ibnu Hajar kuma ya sake kawo ta a Nukhba da sharhinta, littafin da manyan ɗalibanmu ke karantawa. Mafi yawansu sun halatta, amma da sharaɗi masu nauyi. Mai taƙaitawar ya zama masani, wanda ya san abin da ke canja ma'ana da abin da ba ya canjawa. Sannan abin da ya bari kada ya kasance yana rataye da abin da ya kawo, kamar togaciya ko sharaɗi ko iyaka. Ku ɗauki hadisin da ya hana sayar da 'ya'yan itace kafin su nuna. Wanda ya kawo hanin ya yar da "kafin su nuna", ai ya rufe kasuwar ayaba da mangwaro ta garin nan kaf, kuma zai rantse maka hadisi ya faɗa.

To mu ɗora guntun wa'azinmu a wannan ma'auni. Wa ya yanka? Ba a sani ba. A harshen masu hadisi sunansa majhuli, kuma ɗalibi ya san matsayin riwayar majhuli. Ya san abin da ke canja ma'ana? Allah masani, amma aikinsa ba ya nuna haka. Sannan Bukhari in ya rarraba hadisi, ragowar tana nan a wani babi, ga isnadi a gaba, mai nema zai samu. Guntun namu ba ya bar maka hanyar komawa gida. Ga kuma abin da ya fi damunmu: almakashin nan ba da ka yake faɗawa ba, kullum wuri ɗaya yake sauka. Mai shafi yawan masu kallo yake nema, wasu ma kuɗi suke samu da shi, kuma ya gane cewa sashen da ya fi zafi shi ya fi gudu. Sharaɗi da togaciya su ne sashen sanyi na magana, inda malam ke sassauta murya yana tsefe mas'ala. Saboda haka su ake zubarwa. Da a ce mutum zai tara guntaye ɗari na malami guda ya saurara a jere, zai fito da hoton wani mafaɗaci wanda almajiransa na zaure ba su taɓa sani ba.

Mai rai dai yana iya fitowa ya ce ban faɗa haka ba, ku koma ku ji farkon. Mamaci fa? Sheikh Abubakar Gumi ya rasu a 1992, Sheikh Nasiru Kabara a 1996. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam an harbe shi yana limancin asuba a masallacin Ɗorayi a Kano ranar 13 ga Afrilu 2007, Sheikh Albani Zariya kuma an kashe shi ranar 1 ga Fabrairu 2014. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Muryoyinsu suna nan a wayoyinmu, kuma ba wuya ka ga an ɗauko maganar ɗayansu an rubuta mata "martani" a kan abin da ya faru makon jiya, an haɗa shi faɗa da mutumin da bai taɓa gani ba. Wannan bai tsaya ga ɓangare guda ba: na Izala ana yi musu, na ɗariƙa ana yi musu, kuma sau da yawa masoya ne ke yi, ba maƙiya ba. Yanzu ma an samu na'urorin da ke kwaikwayon muryar mutum su faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Wanda ya saba karɓar magana ba tare da tambayar asalinta ba, da me zai kare kansa ranar da aka kawo masa wannan?

In ka yi wa mai yanka magana, amsarsa a shirye take. Ilimi na Allah ne, ba na kowa ba. Yaɗa shi sadaka ce. Ga hadisin da ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye. Kuma ai malam da bakinsa ya ce karatunsa fisabilillahi ne, kowa ya kwafa. Wannan amsa tana da kamar gaskiya saboda ta cakuɗa haƙƙi biyu wuri ɗaya, kuma sai an raba su kafin a gane inda ta karkace.

Haƙƙi na farko na kuɗi ne. A kansa ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yi zama a Kuwait a watan Disamba 1988, a taronta na biyar, ta fitar da ƙuduri mai lamba 43 a kan abin da ta kira haƙƙoƙin ma'anawiyya, wato waɗanda ba a taɓa su da hannu. A taƙaice ta ce sunan kasuwanci, da tambari, da wallafa, da ƙirƙira, duk haƙƙoƙi ne na masu su, al'adar zamani ta ba su ƙimar dukiya, shari'a ta yarda da su, kuma bai halatta a yi musu ta'adi ba. Ga mu mabiya mazhabar Maliku wannan bai zo da baƙunta ba, domin malamanmu, tare da mafi yawan malamai, suna lissafa amfani a cikin dukiya, saɓanin magabatan Hanafiyya da suka taƙaita dukiya ga abin da ake iya riƙewa a adana. Kuma tuntuni mazhabarmu ta halatta wa malamin allo ya karɓi lada a kan koyar da Alƙur'ani. Dakta Fathi Duraini ya yi littafi guda a kan haƙƙin ƙirƙira, Sheikh Bakar Abu Zaid ma ya yi dogon bincike a Fiƙhun Nawazil. Akwai malaman da suka saɓa, suna tsoron kada a mai da ilimin addini hajar da talaka ba ya iya saye, kuma tsoronsu ba na banza ba ne. Mu dai muna tare da ƙudurin.

Amma muna da abin cewa a kansa. Ƙudurin ya fi fuskantar kasuwa. Ya jera littafin malami a layi ɗaya da tambarin kamfani da sunan shago, ya yi bayanin yadda za a sayar da yadda za a karɓi diyya. Ya amsa tambayar mai ɗab'i da ɗan kasuwa. Bai daɗe ba a kan mutumin da bai nemi ko dala ba, wanda ya zauna wata guda yana tafsiri kyauta, aka ɗauki maganarsa aka juya mata baki. Galibin malamanmu kuwa irin wannan ne. Shi ya sa mai yanka yake ganin ya tsira: tunda ba a sayarwa, me na sata?

A nan haƙƙi na biyu yake shigowa, wanda masu shari'ar Faransanci ke kira droit moral. Yarjejeniyar Bern ta 1886, wadda ƙasar nan take ciki, an ƙara mata wani sashe a Rum a 1928 da ya ce ko marubuci ya sayar da haƙƙinsa na kuɗi, yana nan da ikon a jingina masa aikinsa, da ikon ya ƙi yarda a yanke shi ko a sauya shi ta hanyar da za ta taɓa mutuncinsa. Yarjejeniyar ta ambaci lacca da huɗuba a cikin ayyukan da take karewa. Dokar Kwaddibuwa ta 26 ga Yuli 2016 a kan wannan turba take: haƙƙin kuɗi yana ƙarewa shekara 70 bayan rasuwar mai aiki, haƙƙin suna da mutuncin aiki kuwa ba ya tsufa, ba a kuma sayar da shi. Yawancinmu in an ce BURIDA, hukumar da aka kafa tun 1981, mawaƙa da masu gidajen rawa muke tunawa, ba ma kawo cewa dokar da ke bayanta ta shafi mai wa'azi ba.

Mun kawo wannan ne don a san dokar ƙasar da muke zaune a ciki, ba don Bern ce ta koya wa musulmi jingina magana ga mai ita ba. Abdullahi ɗan Mubarak ya lissafa isnadi a cikin addini, ya kuma nuna cewa in babu shi kowa sai ya faɗi abin da ya ga dama. Imamu Muslim ya kawo wannan a gabatarwar Sahihinsa. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 911 bayan hijira, shi ɗin dai da ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya yi risala sukutum mai suna Alfariƙu bainal Musannifi was Sariƙ, a kan wani da ya kwashi littattafansa bai ambace shi ba. Ko sunan risalar ya isa: bambanci tsakanin mawallafi da ɓarawo. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukh don kawai ya faɗi wane littafi ya karanta a wajen wane malami. Ishiriniya da muke rerawa a Maulidi, har yau ana sanin baitin Alfazazi da ƙarin Ibnu Mahib, shekaru ɗaruruwa ba su narkar da sunan ɗaya a cikin na ɗaya ba. Wanda kuma ya taɓa buɗe tsohon littafin hannu na kakansa, ya duba shafin ƙarshe: zai tarar marubucin ya faɗi sunan littafin da mai shi, wani lokaci da nasa sunan da na wanda ya kwafa dominsa, ya roƙi addu'a, ya nemi a gyara kuskurensa. Mutanen nan kwafa suke yi dare da rana, ba mai karɓar musu kuɗin izini. Amma ba su yarda magana ta yi yawo ba uba ba.

Misali mafi kusa yana kan kantocin masallatanmu. Tarjamar Alƙur'ani ta Sheikh Gumi wadda ma'aikatar Sarki Fahad ta Madina ke bugawa, a jikinta an rubuta waƙafi ce, ba ta sayarwa ba ce. An yafe kuɗi ke nan. To wa zai ce saboda waƙafi ce ya halatta ya goge sunan mai tarjama ya sa nasa, ko ya cire rabin ma'anar aya ya buga sauran? Babu. Ashe kowa ya san bambancin, a kan takarda. A waya ne kawai ake mantawa.

Dalilin da ya sa "fisabilillahi" ba ta kai nan ba shi ne, kuɗin na malam ne shi kaɗai, yana iya yafewa. Ingancin maganar kuwa ba nasa ne shi kaɗai ba. Akwai mutum na uku, mai saurare, wanda zai ɗauki guntun nan ya yi salla da shi, ya saki mata da shi, ya raba gado da shi, ya ƙaurace wa maƙwabcinsa da shi. Ko da malam zai ce na yafe duk wanda ya yi mini ƙarya, yafewarsa ba ta mayar da matar da aka saka a kan rabin fatawa. Hadisin ɓoye ilimi ma, in an duba da kyau, a kan mai yanka yake komawa, domin shi ne ya ji sharaɗin da kunnensa ya ɓoye wa jama'a.

Mu ɗan ratse kan littattafai, tunda ɗalibai sukan tambaya. Ɗalibin da ya nemi littafi a Abijan ya rasa, ko kuɗinsa ya fi ƙarfinsa, ya ari na abokinsa ya yi fotokopi don karatun kansa, da bangonsa da sunan mai shi, ba shi muke nufi ba, kuma malamai da yawa sun sassauta masa. Wanda muke nufi shi ne mai buga tarjamar Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya don riba, ya cire bangon asali, babu sunan mai tarjama, babu maɗaba'a, babu shekara, wani lokaci shafi guda ya faɗi a tsakiya ba wanda ya lura. Ranar da aka samu kuskure a farillan alwala a irin wannan bugu, wa za a tambaya?

Yanzu mu zo kan abin da ya sa muka ga lallai a yi wannan magana a nan, ba a Kano ba. Kusan duk guntayen da muke ji an yi su ne a wata ƙasa, ga wasu mutane, a ƙarƙashin wata doka. Malamin da ke magana a Kano ko Gusau yana magana ne a jihohin da suka ayyana shari'a tun daga 1999 zuwa farkon shekarun 2000, inda akwai Hisba da kotunan shari'a, inda kusan kowa a unguwa musulmi ne. Mu muna ƙasar da tsarin mulkinta na 2016 ya ce gwamnati ba ta bin wani addini, inda ƙidayar 2021 ta nuna musulmi kashi 42 da ɗoriya ne, kiristoci kuma kusan kashi 40. Mai gidan hayarmu wataƙila ɗan coci ne, abokin cinikinmu ma haka. A cikinmu akwai 'yan ƙasa haifaffun nan, akwai kuma masu zama da takardar baƙunta. Imamul Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 684 bayan hijira, ya ja kunnen mufti cewa in mutumin wani gari ya zo masa, ya tambaye shi al'adar garinsu, kada ya ɗora shi a kan al'adar nasa garin. Guntun wa'azi ba ya tambayar kowa daga ina yake. Maganar da aka yi a kan zaɓen wata jiha a Najeriya shekaru goma sha da suka wuce, sai ta faɗo wayar saurayi a Adjamé a makon da ake zaɓe a nan, babu kwanan wata, babu sunan gari, sai "malam ya ce". Ko sanarwar ganin wata ma, sau nawa ake turo ta wata shekara ko ta wata ƙasa a daren shakka, alhali majalisar limaman ƙasar nan, COSIM, ba ta ce komai ba tukuna?

Wanda yake ganin mun cika tsoro, ya tuna Laraba 19 ga Mayu 2021, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar salla. Wani bidiyo ya yi yawo a Facebook, ana dukan wasu mutane, aka ce wai 'yan Nijar ne ke azabtar da 'yan Kwaddibuwa. Kafin dare an far wa 'yan Nijar a Abobo da Yopougon da nan Adjamé da wasu unguwanni, an wawashe shaguna, an jikkata mutane da dama, an rasa rai. Hukuma ta fito ta bayyana cewa bidiyon tsoho ne, a Najeriya aka ɗauke shi, ba ruwansa da 'yan Nijar ko 'yan Kwaddibuwa. Kotu ta yanke wa matar da ta yaɗa maganar ɗaurin shekara 5. Wancan ba wa'azi ba ne, amma ku duba ƙirarsa: hoton gaskiya ne, ba a zana shi ba, an dai cire masa wuri da lokaci an ɗora masa sabon take. Ita ce ƙirar guntun wa'azi, ba bambanci. Ranar nan mu aka yi wa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat, wadda ta yi umarni da bincike kafin a afka wa mutane cikin jahilci, kowa ya karanta ta a makon nan da hawaye. To yatsan da ke tura guntun da ke zagin addinin maƙwabci, ko yake kafirta limamin masallacin gaba, ba tare da sanin wa ya yanka ba, da me ya bambanta da yatsan da ya tura wancan? Waɗanda suka ga 2010 da 2011 a garin nan ba sa bukatar a yi musu dogon bayani.

Masu wa'azi ma da nasu kason. An fara samun waɗanda ke magana don almakashi: suna sane da wace jimla ce za a yanka, sai su gyara mata zama, su ɗaga murya, su dubi kyamara. Irin wannan ba a zalunce shi ba, shi ya kai kansa mahauta. Kuma yana ɓata wa sauran, domin jama'a sun fara auna malami da yawan guntayensa, har mai karantar da Risala shekara ashirin a zaure ya zama ba a san shi ba saboda bai taɓa "fasa ƙwai" ba. Guntu mai kyau yana yiwuwa, mun kuma gani: mas'ala guda, tambaya da amsarta cikakkiya, an rubuta sunan malam da masallaci da rana, an nuna inda cikakken karatun yake. Minti uku ne maimakon ɗaya, kuma ba ya gudu kamar wancan. Masu yin haka Allah ya saka musu, su ne warraƙan zamaninmu.

Abin da ke hannun masallatanmu ba shi da wuya. Matasan da ke ɗaukar karatu su roƙi malam ya buɗe kowane zama da faɗin rana da wuri da littafi da shafin da aka tsaya, da bakinsa, yadda zai shiga cikin muryar. In amsa ta rataya a kan wani hali ko wata ƙasa, ya maimaita sharaɗin a ƙarshenta kamar yadda ya faɗa a farko, don almakashi ya rasa wurin shiga. Kwamiti ya ajiye cikakken kowane karatu a wuri guda da aka sani, ta yadda in guntu ya fito ana gardama, akwai inda za a je a ji. Masu loda kati a kasuwa, waɗanda da yawansu 'ya'yanmu ne kuma a sahunmu suke salla, a zauna da su a nuna musu yadda za su rubuta sunan malami da shekara a kan kowane karatu, maimakon "wa'azi 1, wa'azi 2". Malaman Islamiyya kuma, ranar da aka zo babin taƙaita hadisi a Nukhba, a shigo da waya aji, a kunna guntu guda, a sa ɗalibai su nemo cikakkensa, su faɗi abin da aka zubar da abin da zubarwar ta canja.